Ƙuri'ar Daddara Ba Gadon Kowa Ba Ce

Tun da aka binne Muhammadu Buhari a Daura a watan Yulin 2025, 'yan siyasar Abuja ba su da wata hira sai ta rabon gado. Wa zai gaji ƙuri'u miliyan 12 da ake cewa marigayin yana da su a aljihu? APC ta ce nata ne, tunda a inuwarta ya yi mulki. 'Yan tsohuwar CPC da suka yi fushi sun ce su ne 'ya'yan gida. A cikin wannan kaso har da mu mutanen Daddara da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, an ƙirga mu an raba, ba wanda ya tako ya ce mana sannu. Wannan raini ne, kuma ya ishe mu.

Mai yin wannan lissafi ya manta da 2023. A lokacin Buhari yana kan kujera, Aminu Bello Masari yana gwamna a APC, amma Atiku Abubakar na PDP ne ya ci Katsina a zaɓen shugaban ƙasa, da ratar ƙuri'u ƙasa da dubu bakwai. Jihar da ta ba Buhari sama da miliyan ɗaya a 2019 ba ta ba Tinubu ko rabin miliyan ba. Makonni uku bayan nan mutanen suka juya suka zaɓi Dikko Raɗɗa na APC gwamna. Ashe Bakatsine ya san abin da yake yi da babban yatsansa. Abin da mai shi bai iya miƙa wa wani ba yana raye, yaya za a raba shi bayan ransa?

Su zo su tambaye mu abin da muka gani. A watan Agustan 2019 aka rufe iyaka, wai don a hana shigo da shinkafa. Bayan wata uku aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, gidajen man Jibiya suka bushe. Da aka tashi buɗewa a Disambar 2020, aka buɗe Illela da Maigatari, aka bar tamu ta Jibiya a garƙame har Afrilun 2022. A tsakanin nan, a 2021, aka katse layin waya aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, ga gona ba ta shiguwa. Direba, ɗan dako, mai shayi a Magama, mace mai tuwo a tasha, kowa ya zauna. Ba mu gama miƙewa ba sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Sai ga juyin mulkin Janar Tiani a Nijar ranar 26 ga Yuli, Tinubu yana shugaban ECOWAS, aka sake rufe hanya, aka yanke wa Nijar wuta, har ana maganar kai yaƙi. Yaƙi da wa? Da Ɗan Isa da Maraɗi, inda gwaggonninmu suke aure? Sai Maris ɗin 2024 aka ce a buɗe, bayan jarin mutane da yawa ya riga ya karye.

To yanzu APC tana ta tara gwamnoni. Na Delta ya shigo, na Akwa Ibom ya bi, na Inugu da na Bayelsa ma haka, ana ta kiɗa ana cewa 2027 an gama. Gwamna zai iya kawo kwamishinoni da ciyamomi da motocin kamfe, amma ba shi ne zai tsaya a layi a Daddara ba. Ita kuwa PDP, Allah ya jiƙan rai. Jam'iyyar da ɗanta Nyesom Wike yake minista a gwamnatin da take cewa tana adawa da ita, shugabanninta kuma sun fi sanin hanyar kotu fiye da hanyar mazaɓa, ba ta da bakin yi mana alkawari.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne 'yan haɗakar da suka ɗauki ADC a Yulin 2025, don su ne suke zuwa da rigar masu ceto. A duba fuskokin. Rauf Aregbesola shi ne ministan cikin gida lokacin da iyakarmu take rufe a karon farko. Abubakar Malami shi ne ministan shari'a. Rotimi Amaechi ne ya riƙe sufuri lokacin da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta Jibiya, har yau muna jiran jin kukan jirgin. Wa ya ji ɗayansu ya ce uffan lokacin da muke kuka? Yau da aka ture su daga akushi ne suka tuna akwai talaka.

Hasashena ba shi da daɗi. A 2023 Tinubu ya ci da ƙuri'u miliyan 8.79, Atiku ya samu 6.98, Peter Obi 6.1, Kwankwaso kusan ɗaya da rabi. A haɗa na ukun nan an haura miliyan 14. Idan kowannensu ya sake cewa sai shi, Tinubu zai koma ko da buhun masara ya ninka kuɗinsa. Kuma babbar jam'iyya a ƙasar nan ba ta da rajista a INEC: mutum miliyan 93 suka yi rajista a 2023, kimanin miliyan 25 suka fita. Ina ganin a garuruwan bakin iyaka wannan jam'iyya ta masu zaman gida ce za ta fi ƙaruwa.

Duk ɗan takarar da ya biyo hanyar Katsina zuwa Jibiya da jiniya, a tsayar da shi a Daddara. Ya ajiye taliya da atamfa a mota. Ya faɗa mana shinge nawa zai cire daga wannan hanya da masu kaki suka mayar wurin karɓar na goro, ya faɗi yadda manomi zai kwana a gonarsa ba tare da ya nemi izinin ɗan bindiga ba, ya kuma rantse a gaban dattawa cewa ba zai sake rufe mana iyaka don rigimar da ba mu muka tayar ba.