Kafin ka sayo ma Inna tablet, gwada sautinta

'Yan uwa masu aiko ma iyaye tablet daga Lome ko Aljeriya, ku dakata kaɗan. Wasu na yabon Kindle, wai caji ɗaya na kai makonni. Gaskiya ne, amma ta karatu ce, ba ta da lasifika. Inna da ido ya yi rauni, mi za ta yi da ita? Ita muryar jikoki take jira a WhatsApp, sai tafsiri.

Ni dai Android na zaɓa, mai ɗaukar pus da karti memuwar, mai sauti sosai. Ka zuba mata karatun kafin ka miƙa, don forfe akwai tsada, reson ƙauye kuma sai haƙuri. Kod ɗin buɗewa kuwa cire shi. In ta manta, sai dai ta jira ka zo salla.