Jarrabawar Turanci Ta Masu Neman Jami'ar Waje: Ki Sani Kafin Ki Biya

A wannan watan zan ɗan kauce daga zancen ƙananan yara in taɓo na yayyensu, wato waɗanda suka gama sakandare ko digirin farko, ake nema musu gurbin karatu a ƙasar waje. Duk gidan da aka fara wannan magana, ba a jimawa sai ki ji an ce sai yaro ya yi IELTS, ko sai yarinya ta kawo TOEFL. Uwa ba ta san ko mene ne ba, amma ita za a zo wa da maganar kuɗin, kuma sau da yawa adashinta ko sarƙarta ce ke tafiya. Kuɗin zama IELTS sau ɗaya a Nijeriya yanzu ya haura naira dubu 200, in kuma makin bai kai ba, ba a mayar da ko kwabo.

Mu nan gida mun saba da sharaɗin Turanci. Ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗin Turanci a WAEC ko NECO, a JAMB ma takardar Turanci dole ce a kan kowa, tambaya 60 cikin 180. Sai dai ki lura, JAMB duk zaɓi-ka-cika ce, a WAEC kuwa har ɓangaren furuci a takarda ake amsa shi. Ke nan yaro zai iya cin kiredit mai kyau alhali bai taɓa buɗe baki ya yi Turanci na minti biyu a jere ba. Jami'o'in waje kuwa abin da suke son sani shi ne, in an zaunar da ɗanki a aji zai gane abin da malami ke faɗa? Zai iya rubuta aikin da aka ba shi, ya kuma tashi ya kare shi da bakinsa?

IELTS an fara ta a 1989, kuma British Council da jami'ar Kambirij da wata hukuma ta Ostareliya mai suna IDP ne ke da ita. Ita aka fi nema a Ingila da Ostareliya. Kashi huɗu ce. Akwai sauraro na kimanin minti 30, tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna maganar, da muryoyin Turawan ƙasashe daban-daban. Akwai karatu na awa ɗaya, dogayen rubuce-rubuce uku, shi ma tambaya 40. Akwai rubutu na awa ɗaya, inda za a ba shi zane ko jadawali ya bayyana da kalma 150 aƙalla, sannan ya rubuta ra'ayinsa a kan wata mas'ala da kalma 250. Na ƙarshe hira ce da mai jarrabawa, minti 11 zuwa 14. Ana ba da maki har zuwa 9, jami'o'i da yawa kuma 6 ko 6.5 suke nema. TOEFL ta Amurka ce, ta girmi waccan don tun 1964 ake yin ta, ita ma waɗannan abubuwa huɗu take aunawa, sai dai a cikinta kwamfuta ake yi wa magana tana naɗa.

Wurin hirar nan nake so mu tsaya, musamman ke mai 'ya mace. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan in babba na magana a sunkuyar da kai, a amsa da "eh" ko "a'a", kuma wannan tarbiyya ce da ba mu da niyyar bari. Amma a ɗakin jarrabawa za a miƙa wa yarinya kati mai ɗauke da wani batu, a ba ta minti ɗaya ta shirya, sannan ta yi ta magana ita kaɗai har kusan minti biyu. Wadda ta yi jimla biyu ta yi shiru tana wasa da bakin hijabinta ta zubar da maki, ko da kuwa ta fi kowa sanin nahawu. Kuma jami'o'i da dama ba jimillar maki kaɗai suke dubawa ba, sukan ce kada wani kashi ya gaza 6, ko 5.5. Sai ki ga yarinya ta yi fice a karatu da sauraro, magana kaɗai ta hana ta tafiya. Kunya daban, rashin iya bayani daban. Mai kunya za ta iya kama kanta, ta kuma faɗi abin da ke bakinta a fili da hujjarsa. Ba a kuma ce sai ta maƙale murya ta yi irin ta Turawa ba. Harshenta na Bahaushiya ba laifi ba ne muddin ana gane abin da take faɗa.

Sai maganar hadda. Yaranmu Allah Ya hore musu ita, duk mai koyarwa shaida ce, kuma da ita da yawansu ke tsallake insha'in WAEC. A nan ba ta fisshe su. Masu dubawa an horar da su gane amsar da aka haddace, kuma rage maki ake yi a kanta. Rubutu na biyun nan, wanda makinsa ya ninka na farko, so ake yaro ya ɗauki matsaya ya kawo dalili. Wanda bai saba a tambaye shi "me ya sa?" ba, a nan yake tsayawa cak.

Na san za ki ce, mu da Turanci ne harshen gwamnatinmu, da shi aka koyar da yaran tun firamare, don me za a sake gwada su? Ba ke kaɗai ba ce, a 2022 ma wasu matasan Nijeriya sun tara dubban sa-hannu suna neman gwamnatin Birtaniya ta sauya wannan tsari. Ni ma ina ganin suna da gaskiya. Amma kafin a gyara, ga abin da zai tsare miki aljihu: ba kowace jami'a ke neman jarrabawar ba. Akwai jami'o'in Ingila da ke karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC a madadinta, wasu na Kanada sun ɗauke wa 'yan Nijeriya ita, wasu kuma suna karɓar ta Duolingo, wadda ake yi a gida da kwamfuta cikin kimanin awa ɗaya, kuɗinta kuma bai kai na waɗancan ba. Ki sa yaron ya buɗe shafin jami'ar da kansa ya karanta miki sharaɗin wannan kwas ɗin da yake nema, kada ku tsaya ga maganar dillali. A kuma duba wace iri ce, don IELTS biyu ce, ta masu karatu da ta masu neman aiki ko zama, wanda ya yi ta biyun jami'a ba za ta karɓa ba.

Kada kuma a yi gaggawa. Sakamakon IELTS da na TOEFL shekara biyu kawai yake aiki. In aka yi tun ba a san inda kuɗin makaranta zai fito ba, yana iya mutuwa a cikin akwati. Masu cewa a kawo kuɗi za su fitar da takardar ba tare da an zauna ba kuwa, ki guje su. Ban da haramcin abin, jami'o'i suna tantance sakamakon ta intanet kai tsaye daga masu jarrabawar, ga asarar kuɗi ga zubewar mutunci.

Shirin gaskiya a gida yake farawa, kuma ba sai kin iya Turanci ba. Rediyon nan da muke jin labaran safe da ita, a bar wa yaro ya kama tashar Turanci na minti 15, ya gama ya faɗa miki da Hausa abin da ya ji. In ya karanta littafi ki ce ya ba ki labarin, ki tambaye shi ra'ayinsa, ki ƙi yarda sai ya kawo dalili. Ba na goyon bayan a hana yara Hausa a gida wai don Turancinsu ya nuna, domin wanda ya iya jera magana da harshen uwarsa bai cika shan wahalar jera ta da wani harshe ba. Idan lokaci ya matso, akwai tambayoyin gwaji kyauta a shafukan masu jarrabawar. A sa masa agogo ya yi su kamar gaske, sai an ga makinsa na kaiwa abin da jami'ar ta nema sannan a je a biya. Ki kuma tabbatar fasfonsa bai mutu ba, don da shi ake rajista, shi kuma za a nema a bakin ƙofa ranar jarrabawa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.