Abin da Ya Ɓuya Bai Ɓace Ba

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin wasu malaman kwamfuta, wai Hausa ba ta da kalmomin da za a koyar da gina manhaja da su. Ina musanta wannan magana, kuma hujjata ta fito ne daga gabashin Sudan.

Wani ɗalibina, haifaffen yankin Gadambaliya ta jihar Gadarif, inda aka fara noman damina da injuna a tsakiyar shekarun 1940, ya zauna zai gina wa mahaifinsa fom na lissafin buhunan dawa da riɗi. Da Visual Studio yake aiki, inda mutum ke jawo maɓalli ko akwatin rubutu ya ajiye a kan fom yana gani da idonsa. Ranar nan ya aiko mini da saƙo cewa maɓallin ajiya “ya ɓata”, kuma har ya sake ƙirƙiro wani sau biyu. Laifin ba na Hausa ba ne. Laifin na wanda ya koya masa kalma ɗaya tak ce ga cututtuka biyar.

Ku fara lura da kalmar kanta. A rubutun boko, “ɓata” mai gajeren wasalin farko, wato salwanta, da “ɓata” mai dogon wasali, wato lalatawa, kamarsu ɗaya. Sannan a tsarin ajujuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, “ɓuya” tana aji na uku, “ɓoye” tana aji na huɗu. Ta farko abin ne da kansa ya shige wani wuri; ta biyu wani ne ya aikata masa. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riga ya yi rabin gyara, domin kowace kalma tana nuna inda za a duba.

In an ce an ɓoye maɓalli, to wani ya kashe siffarsa ta bayyana. A Windows Forms irin wannan maɓalli yana nan ana ganinsa lokacin zane, sai an tada manhaja a neme shi a rasa. In an ce an lulluɓe shi, wani faffaɗan sashe ne ya hau kansa, maganinsa a umarce shi ya dawo gaba. In ya ƙanƙance, tsawonsa ko faɗinsa ya koma sifili. In ya ɓuya, ya faɗa cikin wani shafi ko akwati ba da niyyar mai zane ba. In ya zarce, lambobin mazauninsa sun wuce bakin fom. Sai an duba waɗannan biyar an rasa, sannan a ce an goge shi.

Na ɗalibina zarcewa ya yi. Mahaifinsa da Larabci yake lissafi, kamar akasarin Hausawan Sudan, don haka yaron ya juya fom ɗin ya koma daga dama zuwa hagu. Da zarar an yi haka, awon mazauni yana farawa ne daga kusurwar dama. Da ya rage faɗin fom, sai maɓallin ya tsallake bakin hagu, shi kuwa yana ta lalube a dama. Na ce ya danna Ctrl da Alt da T tare, ya buɗe tagar da ke jera dukkan sassan fom kamar bishiyar zuriya. Sai ga maɓallai uku reras: na asali da biyun da ya ƙara. Da ya bar su haka, wata rana sai ya gyara umarnin ɗaya alhali mahaifinsa ɗayan yake dannawa, lissafin kaka guda ya rikice.

Masu jayayya za su ce ai sunayen da ke kan allo ba na Hausa ba ne, ɗalibi ya haddace su ya huta. Ban hana shi sanin su ba. Amma hadda ba ta gaya wa mutum inda zai duba. Tunani ne ke yin haka, kuma yaron nan da Hausa yake tunani a gidansu, kamar kakanninsa da suka bi hanyar hajji suka yada zango a can. Malamin da ya ce masa harshensa bai isa ba, ya raba shi da kayan aikin da ya fi ƙwarewa da su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Aikinku na wannan mako: ku ɗauki ɓoye, ɓuya, lulluɓe, ƙanƙance da zarce, ku sa kowace a jimla biyu, ɗaya ta gona, ɗaya ta allon kwamfuta, ku kuma faɗi ajin kowace. Wanda ya rubuto mini “ya ɓata” ba tare da ya bayyana wace ɓata yake nufi ba, zan mayar masa da takardarsa.