Sa ido kan na'urorin sayar da kaya daga nesa: Lissafin da ya kamata a yi a Dutsin-Ma da Kurfi

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin daƙile 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi na cikin waɗanda matakin ya shafa, kuma sai a watan Disamba aka maido musu da sabis. A tsawon wannan lokaci babu kira, babu tura kuɗi ta waya, na'urorin POS kuma suka koma kamar kayan ado a kan tebur. Duk wanda ke shirin zuba jari a na'urar da ke sayar da kaya da kanta a wannan yanki, ko a fasahar da ke ba shi damar sa mata ido daga nesa, ya dace ya fara lissafinsa daga waɗannan watanni uku.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun a 1982 ɗaliban Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka haɗa wata na'urar sayar da lemon Coca-Cola da kwamfuta, domin su san ko akwai lemo a ciki, kuma ko ya yi sanyi, kafin su taso daga kujerunsu. A yau ana saka wa na'ura ɗan ƙaramin akwati mai layin waya, wanda ke aika wa mai ita bayani: abin da aka saya, abin da ya ƙare, kuɗin da ya shiga, ko wuta ta ɗauke, ko an buɗe ƙofa ba bisa ƙa'ida ba. A Japan, inda irin waɗannan na'urori ke kowane lungu, ana amfani da bayanan wajen tsara zirga-zirgar motocin da ke zuba kaya.

A tsakiyar Katsina, na'urar sayar da lemo ko biskit ba ta zama ruwan dare ba. Sai dai 'yan uwanta sun riga sun shigo gari: POS na Moniepoint da OPay da sauransu, mitar wuta ta KEDCO da ake saka wa kati, na'urar cire kuɗi ta banki, da kayan sola da ake biya kaɗan-kaɗan, waɗanda kamfani ke iya kullewa idan an daina biya. A garin da ke da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ba abin mamaki ba ne 'yan kasuwa su fara tunanin na'urorin sayar da ruwa, da lemo, da cajin waya ga dubban ɗalibai. Tambayar ita ce ko kuɗin da za a ƙara domin sa ido daga nesa zai biya kansa.

Amfanin farko a bayyane yake. Tsakanin birnin Katsina da Dutsin-Ma akwai tafiyar kimanin kilomita 60, ta hanyar da ta ratsa Kurfi. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace tafiya ta ƙara tsada, ga kuma fargabar hanya da mutanen yankin suka sani sarai. Mai na'ura da ke zaune a Katsina, idan wayarsa ta nuna masa cewa kaya ba su ƙare ba, ya tsira da kuɗin mai da kuma kasadar da babu dalilin yin ta. Idan kuma firijin na'urar ya tsaya a tsakiyar zafin watan Afrilu, gara ya sani a cikin awa ɗaya da ya tarar da kaya sun lalace bayan mako guda.

Amfani na biyu shi ne lissafi. Rigimar da ta fi raba ubangida da yaron shago ita ce ta cinikin da bai yi daidai da kayan da suka fita ba. Na'urar da ke rubuta kowane ciniki da lokacinsa tana kare dukiyar mai jari, tana kuma wanke yaro mai gaskiya daga zargi.

Inda amfanin ya fi girma shi ne harkar ruwa. Yankin na da madatsar ruwa ta Zobe, amma ƙauyuka da unguwanni da yawa sun dogara ne da rijiyoyin burtsatse, kuma kowa ya san yadda famfo kan lalace a bar shi watanni ba wanda ya waiwaye shi. A ƙasar Kenya, masu bincike daga Jami'ar Oxford sun saka ƙananan na'urori a hannun famfunan tuƙa-tuƙa a yankin Kyuso, waɗanda ke aika saƙon waya kan yadda ake amfani da famfo. Lokacin da famfo ke ɗauka a lalace ya sauko daga kusan wata guda zuwa 'yan kwanaki. A unguwar Mathare da ke Nairobi kuma, tun 2015 aka kafa wuraren sayar da ruwa da kati, na kamfanin Grundfos.

Sai dai darasin Kyuso yana da fuska biyu. Saƙon waya bai taɓa gyara famfo ba. Abin da ya kawo sauyi shi ne an tanadi makaniki, da babur, da kayan gyara, da kuɗin biyansa, ta yadda da zarar saƙo ya shigo sai a tashi. Idan aka saka irin wannan na'ura a rijiyar wani ƙauye a Kurfi ba tare da wannan tanadi ba, abin da za a samu kawai shi ne jami'in da ya san famfo ya lalace, jama'a kuma na ci gaba da sayen ruwa a hannun 'yan garuwa.

Ta ɓangaren kashe kuɗi, dillalan fasahar sun fi ambaton farashin akwatin, alhali shi ne mafi sauƙi. Akwai kuɗin data na kowane wata, wanda ya ƙaru bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Akwai kuɗin manhaja, wanda sau da yawa da dala ake lissafa shi, don haka yana tashi duk lokacin da naira ta faɗi. Akwai batir da sola, domin na'urar da ba ta da wuta ba za ta aika komai ba, kuma zafi da ƙurar hunturu na rage wa kayan lantarki kwana. Akwai kuma tsufan fasahar kanta: lokacin da kamfanonin waya na Amurka suka rufe layukan 3G a 2022, dole masu na'urori da yawa suka sauya akwatunansu ko da lafiyarsu ƙalau.

Saboda haka yawan na'urori ne ke yanke hukunci. Wanda ke da na'ura ɗaya a ƙofar shagonsa ba ya bukatar saƙo daga nesa, idonsa ya ishe shi. Wanda ke da goma a warwatse tsakanin harabar jami'a, da tasha, da asibiti, da Kurfi, shi ne zai ga riba. Lissafin mai sauƙi ne: a haɗa kuɗin tafiye-tafiyen da za a rage da asarar kayan da za a kauce wa a wata, a kwatanta da kuɗin data da manhaja da gyara. Idan na biyun ya fi, a haƙura.

Akwai wani abu da ya bambanta Najeriya da ƙasashen da aka ƙera na'urorin dominsu. A can ana jefa kwabbai ne, a nan kuwa kwabo ya daɗe da barin hannun jama'a, takardun naira kuma sukan tsufa har na'ura ta ƙi karɓa. Ke nan dole ciniki ya dogara da kati ko tura kuɗi, wato da sabis. Ranar da sabis ya ɗauke, mai na'ura zai rasa gani, ya kuma rasa ciniki a lokaci guda. Mitar KEDCO ta nuna mafita: lambobi 20 da mutum ke dannawa suna aiki ko da babu sabis a inda mitar take. Duk na'urar da za a kawo wannan yanki, musamman ta ruwa, ya kamata ta iya ci gaba da aiki haka, ta adana bayananta har sabis ya dawo.

Batun sirri ma ba na wasa ba ne. Na'urar da ke karɓar kati ko lambar waya tana tara bayanan masu saye. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara su alhakin tsare su, kuma ɗan kasuwar da bai tambayi inda kamfani ke ajiye bayanan ba yana iya ɗaukar laifin da ba shi ya aikata ba. Haka nan ikon kulle na'ura daga nesa: ya dace da kayan da mutum ya ci bashi da saninsa, amma bai kamata a ba wani kamfani ikon rufe wa unguwa famfo da danna maɓalli ba.

Ga 'yan kasuwa, hanya mafi aminci ita ce a gwada da na'ura biyu ko uku na tsawon zangon karatu ɗaya, har da lokacin hutu da ɗalibai ke watsewa, kafin a faɗaɗa. A kuma nemi yarjejeniya a rubuce kan farashin wata-wata a naira, da wanda zai yi gyara, da kwanakin da zai ɗauka.

Ga gwamnatin jiha da majalisun ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, idan za a kashe kuɗin jama'a kan wannan fasaha, a fara da rijiyoyin burtsatse da firijin ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara, inda jinkirin sani ke cutar da lafiya. Kowace kwangila ta ƙunshi horar da matasan yankin da za su riƙa gyara, da kasafin kayan aiki na shekara-shekara. Kwangilar da ba ta tanadi makaniki ba, bai kamata a sa mata hannu ba.