Wa Ya Raɗa Sunan "Fundamentalist"?

Akwai 'yan uwa matasa, musamman a makarantu, waɗanda idan an kira su fundamentalist sai su bugi ƙirji su amsa, wai ai fundamental tushe ne, su kuwa da tushen addini suka yi riƙo. Wasu kuma suna ɗaukarta zagi ne tsagwaronsa. To kafin a amsa suna, ya kamata a san wanda ya raɗa shi.

Ba don Musulmi aka ƙirƙiro kalmar ba. Asalinta rikici ne tsakanin Kiristoci 'yan Furotesta a Amurka. Daga 1910 zuwa 1915 an buga maƙaloli 90 cikin juzu'i 12 da sunan The Fundamentals, da kuɗin wasu attajiran man fetur biyu, wa da ƙane, Milton da Lyman Stewart, aka raba wa malaman coci kyauta. Manufarsu raddi ga masu cewa akwai kuskure a cikin Baibul. A 1920 wani editan jaridar 'yan Baftis, Curtis Lee Laws, ya kira ɓangarensu fundamentalists. Wato su suka zaɓa wa kansu, da alfahari.

Ba ta daɗe ba ta lalace. A 1925 aka gurfanar da malamin makaranta John Scopes a jihar Tennessee saboda koyar da ra'ayin Darwin, jaridu suka yi ta yi wa masu wannan suna ba'a, har ya koma nufin mutum mai duhun kai.

Da wannan dattin kafafen watsa labaran Yamma suka yayata ta a kan Musulmi bayan juyin Iran na 1979. Abin tambaya shi ne, in ma'aunin shi ne yarda cewa Littafi ba shi da kuskure, wane Musulmi ne bai yarda da haka ba game da Alƙur'ani? Ke nan kalmar ba ta bambance kowa da kowa ba. Da ta iso Hausa kuma sai ta zama "masu tsattsauran ra'ayi", an yanke hukunci tun ba a ji ta bakin mutum ba. Larabawa sun fassara ta da usuli, alhali a wajen malamai usuli masanin Usulul Fiƙhi ne.

Hatta kamfanin dillancin labarai na Associated Press, a littafinsa na ƙa'idojin rubutu, ya gargaɗi ma'aikatansa da su guji liƙa wa wata ƙungiya kalmar sai in ita ta kira kanta da ita.