Ƙofar Tsakiya A Gidan Kwamfuta

A Jigwada ta ƙasar Keffi, kamar sauran garuruwan Arewa, idan wa da ƙane suka yi gida katanga ɗaya, sukan huda ƙofa a tsakani, don kada saƙon cikin gida ya bi ta titi.

Irin wannan dabara ce kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita a shekarar 2010, cikin na'urarsa mai suna zEnterprise. Ya ɗauko babbar kwamfuta, watau irin wadda manyan bankunan duniya ke ajiye lissafin kuɗin jama'a a cikinta, ya jingina mata akwatin zBX mai ɗaukar ƙananan kwamfutoci sirara har 112, jere kamar littattafai a kanta. Sa'an nan ya shimfiɗa musu hanyoyi biyu na kansu: ɗaya mai gudun gigabit 10 don kai da kawowar bayanai, ɗaya kuwa don ba da umarni kaɗai. Amfaninsa biyu ne, sauri da tsaro, domin abin da bai fita waje ba da wuya ɓarawo ya tare shi.

To, tun da Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, ya kamata bankuna da asibitoci da jami'o'i su binciki hanyar da sirrin mutane ke bi tsakanin na'urorinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.