Takardar Zama A Dubai: Kada A Jira Ranar Ƙarshe

Jama'a, mu da ake kira baƙi a Minna mun san darajar takarda. Don haka muna jan kunnen 'yan'uwanmu na Kasuwar Kure masu kamfani a yankin ciniki maras shinge na Dubai, kamar Jebel Ali: bizar zamanku rataye take da lasisin kamfanin. In lasisi ya mutu, ba a sabunta biza, ta iyali ma ta tsaya.

A fara da lasisi, a tabbata fasfo na da sauran wata 6, sannan gwajin lafiya da katin shaida. Mun ga yadda Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza daga 2022 zuwa Yulin 2024. Da sanyin safiya ake kama fara.